Koyon Aiki ta Waya a Wani Kamfanin Casar Shinkafa a Ƙasar Kura: Nazarin Lamari

Wurin da mutanensa

Kamfanin yana yankin da ruwan madatsar Tiga ke ratsawa, tsakanin Kura da Garun Malam, inda noman rani ya daɗe da mayar da shinkafa hajar kasuwa. Ba za a ambaci sunansa ba, haka ma na masu shi. Yana cikin matsakaitan kamfanonin da suka tsiro bayan gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu a watan Agustan 2019, lokacin da shinkafar gida ta samu kasuwa, masu jari a Kano suka shiga tambayar farashin injin casa.

Aikinsa a jere yake, kowane mataki yana jiran na gabansa. Motoci na sauke shanshera daga Kura da Bunkure da Tudun Wada, wani lokaci har daga Auyo da Haɗeja. A tace ta, a jiƙa ta a ruwan zafi, a turara ta da tururin boila, a busar. Daga nan ta bi ta injin cire tsakuwa, ta shiga injin ɓare ɓuntu, ta wuce na goge dusa, sai na'urar tsince baƙar ƙwaya, har ta kai ga sikeli da ɗinkin buhu. A kowane buhun shanshera kusan kashi 20 cikin 100 ɓuntu ne, dusa kuma kashi 8 zuwa 10. Ɓuntun shi ake hura wa boila. Ribar mai kamfani tana rataye ne a kan yawan ƙwayar da ta fito lafiyayya, domin karyayya ba ta da daraja a kasuwa.

In kaka ta yi, ma'aikata kan haura ɗari, kashi biyu, masu aikin safe da masu aikin dare. Akwai dattawan ofaretoci da suka taso a ƙananan injinan casa na cikin garin Kura, ba su yi boko ba amma sun yi nisa a allo, suna karanta ajami sarai. Akwai samari masu difloma da suka iya Turanci amma ba su taɓa riƙe sifana ba. Akwai makanikai biyu 'yan Kudu da Hausarsu ba ta wuce ta ciniki ba, da Fulani daga rugagen kusa masu kula da wutar boila, da 'yan ci-rani daga Damagaram da Maraɗi masu dako. Mata kuma suna ɓangaren shara da tsinta da ɗinkin buhu, yawancinsu dattijai da zawarawa, wasunsu sun shekara da shekaru suna gumin shinkafa a gida kafin su zo nan. Littattafan da suka zo tare da injinan duk da Turanci suke, suna kulle a ofishin manaja.

Kakar 2023: yadda matsalar ta bayyana

Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya sun sa duk abin da kamfanin ke saye ya yi tsada, musamman kayan gyaran da ake shigowa da su da dala. Asarar da a da riba ke rufewa sai ta fito fili.

Abu uku manaja ya gani a littafinsa. Robobin injin ɓare suna cinyewa kafin lokacinsu. Buhunan karyayya suna ƙaruwa, kuma na masu aikin dare sun fi yawa. Injin yana yawan tsayawa saboda toshewa. Gaskiya ne a wannan shekarar gutsattsarin da ake kira afafata, wanda a da masu kiwon kifi ke saye, ya samu masu saye don ci saboda tsadar abinci, amma kuɗinsa bai kama ƙafar na lafiyayyar shinkafa ba.

Ana cikin haka, wani dare a watan Nuwamba, bokitan da ke ɗaga shinkafa sama suka cushe. Wani yaro da bai cika wata guda da fara aiki ba ya sa hannu yana yaye cushewar. Wani ma'aikacin, da ke ɗakin makunnai inda ba a hango wurin, ya ga injin a tsaye, ya ɗauka wuta ce ta ɗauke ta dawo, ya kunna. Yaron ya rasa yatsu biyu. Mai kamfanin ya biya kuɗin asibiti, ya kira manaja ya ce a nemo hanyar koya wa mutane aiki kafin a yi asarar rai.

Janairun 2024: zaman aji

Abin da aka fara yi shi ne wanda kowa ya saba. Aka ɗauko mai horarwa daga birni, aka share wani sito, aka kafa majigi, aka yi kwana biyu ana bayani da Turanci wani yana fassarawa. Masu aikin dare sun zo daga bakin aiki, rabinsu gyangyaɗi suka yi. Matan sun tsaya daga bakin ƙofa, ba su shiga cikin maza ba. 'Yan dako ba su zo ba sam, domin da buhu ake biyan su, duk awar da suka zauna daga aljihunsu ta fita. An raba takardar shaida. Bayan wata guda littafin manaja bai nuna wani canji ba, kuma sababbin da aka ɗauka bayan zaman ba su samu komai ba.

Fabrairu zuwa Afrilun 2024: manhaja da tabarau

Ɗan mai kamfanin, wanda ya karanta ilimin kwamfuta, ya kawo shawarar a koma koyarwa ta waya. Ya yi yarjejeniya da wani kamfanin manhaja da ke sayar da darussan masana'antu masu bin ƙarfin ɗalibi. Tsarin irin wannan manhaja shi ne ta fara yi wa mutum gwaji, ta auna inda ya tsaya, sannan ta zaɓa masa darasi. In yana amsawa daidai ta tsallake da shi gaba, in yana kuskure ta mayar da shi baya ta sauƙaƙa. Ba kowa ke bin hanya ɗaya ba, kuma wannan ne ya ja hankalin ɗan Alhaji, ganin yadda ma'aikatan suka bambanta.

Gwajin farko rubutacce ne, da Turanci. Samari masu difloma suka fito a sama. Babban ofareta na injin ɓare, dattijon da ya haura shekara ashirin a sana'ar, ya faɗo can ƙasa, manhajar ta ɗora shi a darasin da ke bayanin mene ne shanshera. Don a ƙarfafa gasa, aka buga sakamakon aka liƙa a bakin get. Washegari dattijon ya sami mai kamfanin bayan sallar azahar ya ce masa: "Alhaji, in sallama ta za a yi, a faɗa mini baki da baki. Ba sai an liƙa sunana a bango yaran da na koya wa aiki suna karantawa ba." An cire takardar a ranar, amma daga nan dattawan suka daina taɓa manhajar, kuma maganar ta bazu cewa na'urar tantance waɗanda za a kora ce.

Sauran matsalolin na kayan aiki ne. Da yawa daga cikin ma'aikatan ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa. Masu babbar waya kuma data ta hana su, domin darussan bidiyo ne masu nauyi, ga sabis ɗin wurin mai zuwa yana ɗaukewa. Da aka yi ƙorafin harshe, kamfanin manhajar ya juya rubutun zuwa Hausa da na'ura, ya ɗora muryar kwamfuta. Karin sautin bai fita daidai ba, sunayen sassan injin kuma ba waɗanda ake faɗa a bakin aiki ba ne. Mutane suka saurara sau ɗaya don su yi dariya, suka ajiye.

A cikin watan Maris aka kawo tabarau biyu irin waɗanda in mutum ya ɗaura sai ya ga kansa a cikin masana'anta ta kwaikwayo, yana juyawa yana taɓa injina. Azumi ya kama ranar 11 ga watan, zafin rana yana haura digiri 40. Gumi yana cika gilashin, ƙura tana rufe shi, wasu suna cirewa da jiri. Mutum ɗaya ne ke iya amfani da kowanne a lokaci guda, batirin kuma ba ya jimawa. Masana'antar da ke ciki ta wata ƙasa ce, injinanta da makunnanta ba su yi kama da na Kura ba. Darasi ɗaya ne ya zauna a zukatan samarin, wanda ke nuna yadda boila ke yi in ruwanta ya yi ƙasa ana ci gaba da hura mata wuta. Zuwa Ƙaramar Sallah, ranar 10 ga Afrilu, waɗanda ke buɗe manhajar ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma su ne waɗanda dama suka fi kowa boko. Aka mayar da tabarau, aka dakatar da biyan kuɗin wata.

Mayu zuwa Yunin 2024: komawa bakin inji

Mai kamfanin bai hana ɗansa ci gaba ba, sai dai ya gindaya masa sharaɗi: kada ya sake sayen komai sai ya zauna da masu aikin, dare da rana, ya ga abin da suke yi da idonsa. Ya haɗa shi da helima, wato shugaban ma'aikata a bakin aiki, da wata matashiya mai rubuta nauyin motoci a sikeli, wadda matan wurin suka yarda da ita. Damina ta fara kankama, wasu sun tafi gona, aiki ya yi sauƙi, aka samu sararin tambaya.

Abin da aka fara ganowa a wajen busarwa yake. Shanshera in ta fito daga turare danshinta ya haura kashi 30 cikin 100, kuma sai ya sauka zuwa kusan 14 ake casa ta. Ba a sauke shi a tashi ɗaya. Ana busar da ita har danshin ya kai wajen 18, a bar ta ta huta sa'o'i don laimar cikin ƙwaya ta daidaita da ta bayanta, sannan a ƙarasa a hankali. In aka yi gaggawa, bayan ƙwayar ya bushe cikinta da sauran laima, sai ta tsage tun tana cikin ɓuntu, ido ba ya gani, sai ta shiga inji ta karye. Masu aikin dare suna ƙara wa na'urar busarwa zafi suna tsallake hutun, don su cika adadin da aka yanka musu kafin asuba. An taɓa ce musu kada su yi, amma ba wanda ya faɗa musu dalili.

Wadda ta fi kowa bayyana dalilin wata dattijuwa ce mai shara. Da matashiyar ta tambaye ta, "Inna, ku a gida yaya kuke yi?", sai ta ce: "'Yar nan, turarriyar shinkafa ba a yi mata garaje. In rana ta take sai mu tattara ta mu lulluɓe, ta sha iska, sannan mu sake bazawa. Wadda aka bari rana ta gasa, tsaki za ta zama." Abin da ke cikin littafin injin ke nan, kuma matar da ta san shi tana share ƙasa taku kaɗan daga na'urar da ake ɓata shinkafar a ciki.

Na biyu a injin ɓare yake. Robobi biyu ne ke juyawa suna fuskantar juna, ɗaya ta fi ɗaya gudu, bambancin gudun ne ke murje ɓuntu ya sulluɓe. In tazararsu ta yi faɗi shanshera ta wuce ba a ɓare ba, in ta matse ƙwaya ta karye robar ta cinye. Mai gudun ta fi saurin cinyewa, shi ya sa ake musanya musu wuri lokaci-lokaci. Dattijon ofareta da kunne yake gane tazarar. Samarin kuwa in suka ga shanshera a cikin abin da ke fita sai su ƙara matsewa, kuma ba sa musanya robobin.

Na uku bai shafi koyarwa ba ko kaɗan. Ɗakin makunnai ba ya kallon wurin da yaron ya ji ciwo, kuma babu abin da zai hana mutum kunna injin da wani ke ciki. Aka sayo kwaɗuna, kowane mai gyara da nasa da makullinsa a aljihu, aka yi wa makunnan marataya. Aka kuma mayar da murafun bel da aka cire aka jingine a bango. Dokar masana'antu ta 1987 dama ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, ta kuma hana a sa wanda bai ƙware ba a kan irin wannan inji sai an koya masa ko ana tsaye a kansa.

Yuli zuwa Oktoban 2024: sabon tsari

Aka riƙe ƙashin manhajar, wato ɓangaren da ke lissafin abin da kowa ya iya da abin da ya kamata a sake kawo masa, aka zubar da darussan cikinta gaba ɗaya. Sababbin da wayar hannu aka ɗauke su, a cikin kamfanin, a kan injinan da mutane ke gani kullum. Dattijon ofareta shi ne muryar darussan injin ɓare. Shawo kansa ya ɗauki lokaci, sai da mai kamfanin ya je gidansa da kansa. Dattijuwar nan da wata abokiyar aikinta suka yi na busarwa. Ɗaya daga cikin masu boila ya maimaita darussan ɓangarensa da Fulatanci, makanikan kuma aka yi musu nasu da Turanci mai sauƙi. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon Agusta da dokar hana fita da aka sa a Kano sun tsayar da aikin na ɗan lokaci, aka ci gaba bayan ƙura ta lafa.

Kowane darasi bai wuce minti biyar ba, kuma abu ɗaya yake koyarwa. An sauke su duka a kan kwamfutocin hannu shida da ba sa buƙatar intanet, ana cajinsu da sola, ana ajiye su a rumfar da ke kusa da masallaci. Ɗaya daga ciki ta mata ce, tana hannun matashiyar sikeli. Mutum zai taɓa hotonsa ya danna lamba huɗu ya shiga. Minti goma da ake ware wa karatun a cikin lokacin aiki suke, ba a cire su daga albashi.

Gwajin shiga ya koma na ido da kunne. A nuna hotuna biyu na tafin hannu ɗauke da shinkafa, a tambaya da murya wacce ce ta fito daga robar da ta matse. A kunna ƙarar inji iri uku, a ce wanne ne ke neman gyara. A nuna ma'aunin danshi yana kan 17, a tambaya a casa ko a jira. A wannan gwajin dattawan suka tsallake mafi yawan darussan injinansu, manhajar ta kai su kai tsaye ga abin da ba su saba da shi ba, wato karanta lambobin allon na'urar tsince baƙi da ƙa'idar kwaɗo. Masu difloma kuma suka wuce darussan lambobi, suka daɗe a na ƙarar inji.

Ta fuska uku manhajar ke bin mutum. Akwai harshe da rubutu: murya ga kowa, sannan ƙaramin rubutu a ƙasa da boko ko ajami ga wanda ya zaɓa. Akwai salon bayani: in mutum ya faɗi tambaya, ba a maimaita masa abin da ya riga ya ji, sai a nuna masa bidiyo in murya ya saurara a baya, ko a kawo masa wani misalin. Sai kuma tazarar bita, wadda ita ce ta fi tasiri. Abin da mutum ya amsa daidai zai dawo masa bayan kwana ɗaya, sannan uku, sannan mako, sannan wata. Wanda ya kuskure ya dawo washegari. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma a farkon shekarun 1970 Sebastian Leitner ya yaɗa dabarar jera katunan bita a akwatuna gwargwadon yadda aka riƙe su. Abin da na'ura ta ƙara shi ne riƙe wa mutum ɗari lissafinsu daban-daban ba tare da ta ruɗe ba.

Aka kuma sa ƙa'idoji biyu da ba na na'ura ba. Ta farko, manhaja ba ta cewa mutum ya iya abu sai helima ya gan shi ya yi a bakin inji ya sa hannu, kamar dai yadda ba a wanke allo sai an biya wa malam. Ta biyu, sakamakon kowa tsakaninsa ne da helima. Mai kamfanin ya tara ma'aikata ya yi alƙawari a gaban limamin masallacin cewa ba za a yi amfani da shi wajen kora ko rage albashi ba. Bayan haka aka sauya yadda ake auna aikin dare, daga yawan buhu kawai zuwa yawan lafiyayyar da ta fito.

Kakar 2024 zuwa tsakiyar 2025: abin da ya biyo baya

Ma'aunan da aka bi su ne waɗanda dama ke littafin manaja: buhunan karyayya, ranakun canza roba, tsayuwar inji da raunuka. Kafin ƙarshen Disamba karyayyar masu aikin dare ta sauko ta yi daidai da ta masu aikin safe, kuma duka biyun sun yi ƙasa da na kakar da ta gabata. Robobi suka koma kai lokacinsu. Sababbin ɗauka, waɗanda a da sukan yi fiye da wata suna bin bayan wani, suka fara tsayawa su kaɗai a injin cire tsakuwa cikin makonni kaɗan. Daga sa kwaɗuna zuwa tsakiyar 2025 ba a sake kunna inji a kan wani ba. Mata biyu daga ɓangaren shara suka koma kula da ma'aunin danshi, da ƙarin albashi. Ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta amince da shi a Janairun 2025 bai taɓa shirin ba, tunda ba ya kan intanet.

Akwai inda bai kai ba. 'Yan dako sun ci gaba da zuwa suna tafiya, wanda ya fara darasi yau jibi yana wata kasuwar, kuma ciwon baya da faɗowar buhu suna nan yadda suke. Takunkumin ƙura kowa ya amsa tambayarsa daidai a manhaja, amma da zafi ya dawo sai aka riƙa ganinsa a wuya. Darussan Fulatanci sun tsaya a ɓangaren boila. Boilar kanta an gane ba a sakar wa mutum ita don ya ci gwajin waya, sai ya yi watanni a gefen wanda ya ƙware, ga kuma binciken da doka ta ce masani ya riƙa yi mata.

Jarrabawa mafi girma daga kasuwa ta zo. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, ciki har da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba. A 2025 farashin shinkafa ya sauka, kamfanoni da dama a Kano suka rage aiki. Wannan ma ya dakatar da aikin dare. Manaja ya nemi a ba shi sakamakon manhaja don ya zaɓi waɗanda za a sallama. Helima ya kai maganar ga mai kamfanin ya ce: "Ranka ya daɗe, a gaban liman ka yi alƙawarin nan." Alhaji ya hana a buɗe sakamakon. Aka bi tsarin daɗewa a aiki, kuma duk wanda aka sallama aka ba shi kati mai ɗauke da injinan da helima ya shaida ya iya. Waɗanda suka rage sun ci gaba da zuwa rumfar.

Hukunci

A ganina manhajar farko ba lalatacciya ba ce. Tana bin ƙarfin ɗalibi kamar yadda aka tallata ta, sai dai abin da take aunawa iya karanta Turanci ne, alhali abin da ke karya shinkafa a Kura zafin busarwa ne da matsewar roba. Duk shawarar da ta yanke bayan wannan gwajin a kan gurguwar shaida ta yanke ta, shi ya sa ta ƙara wa masu boko ta wulaƙanta masu sana'a. Lissafin da ke cikinta bai canza ba tsakanin Maris da Oktoba. Tambayoyin ne suka canza, da muryoyin, da hotunan.

Ba daidai ba ne kuma a jingina wa koyarwar duk nasarar. Kwaɗuna da murafun bel su suka tsare hannaye, kuma da an sa su tun 2023 da yaron nan yana da yatsunsa. Wannan ne ɓangaren labarin da ya fi yi mini nauyi, domin kuɗinsu bai kai na zaman ajin kwana biyu ba. Raguwar karyayya ma rabinta daga sauya ma'aunin aikin dare ta zo. Mutumin da ake biya don ya cika buhu zai cika buhu ko ya san illar gaggawa. Abin da darussan suka yi shi ne ba da dalili, da kuma hana dalilin gushewa bayan mako biyu, wanda zaman aji bai iya ba.

Tabarau bai dace da wannan wurin a wannan lokacin ba, amma ba zan yanke masa hukuncin har abada ba. Darasin boila ya nuna yana da amfani a abin da ba a iya gwadawa a zahiri don haɗarinsa. In kamfanonin yankin za su haɗa kuɗi a gina kwaikwayon irin boilar da suke amfani da ita, a ajiye shi a ɗaki mai sanyi ana zuwa bi da bi, zai iya biyan kuɗinsa. Kamfani ɗaya matsakaici ba zai iya ba.

Alƙawarin sirri shi ne ginshiƙin da ya fi rauni, domin a kan mutuncin mutum ɗaya yake tsaye. Manhaja irin wannan tana aiki ne da kuskuren da mutum ya yarda ya yi a gabanta. Ran da ma'aikata suka ji ana duba kuskuren don a hukunta su, za su riƙa ba wa yara masu boko su danna musu, lissafin ya lalace. Ya kamata a rubuta wannan ƙa'ida a takardar ɗaukar aiki, kada ta dogara da wanda ke kan kujera.

Sauran aiki biyu ne a gaban kamfanin. Darussan suna tsufa da zarar an canza inji, kuma har yanzu ba a ware wa kowa alhakin sabunta su ba, ɗan Alhaji ne ke yi in ya samu sarari. Sai 'yan dako, waɗanda su ne suka fi kowa jin ciwo kuma suka fi kowa ƙarancin samun darasi. Shawarar da ke kan tebur ita ce a bi ta hannun shugabansu, a yi musu gajeren bayani na murya da za a tura ta ƙananan wayoyinsu, a kuma biya su kuɗin buhu biyu a duk ranar da suka saurara. Manaja yana ganin kuɗin ya yi yawa a wannan kasuwar, helima yana ganin jinyar mutum ɗaya ta fi shi, kuma an bar maganar sai shanshera ta fara shigowa a kaka mai zuwa.